Ta Sauka, Amma Ba Ta Kwanta Ba

A Birtaniya akwai bambanci tsakanin a ce dusar ƙanƙara ta sauka da a ce ta kwanta, kuma bambancin a rubuce yake. Mai lura da yanayi yakan fita da ƙarfe tara na safe, ya tsaya a filin da ya keɓe wa ma'aunansa, ya dubi ƙasa. Idan fari ya rufe rabin filin ko fiye, sai ya rubuta a littafinsa cewa yau ta kwanta, ya soka rula a tsaye a wurare daban-daban inda iska ba ta tara ta ba, ya fitar da matsakaici, ya rubuta santimita nawa ne. Idan kuwa da tsakar dare ta zubo, yara suka fito suka dunƙula ta suka yi ta jifan juna, sannan ta narke kafin tara ta buga, to a littafi sauka kawai ta yi. Ko unguwar duka za ta taru ta rantse cewa jiya an ga fari fat har kan motoci, gurbin ranar sifiri zai ɗauka.

Ranar Kirsimeti kuma sai ƙa'idar ta juye. A wurin hukumar yanayi ta ƙasar, wadda suke kira Met Office, ƙwaya ɗaya tak da aka ga ta faɗo cikin sa'o'i 24 na ranar 25 ga Disamba ta isa a ce an yi farar Kirsimeti, ko da ƙasa taɓo ce baƙi ƙirin. Mutane suna zuba kuɗi a caca kan wannan magana, shi ya sa aka tsuke ta har ta koma ƙwaya guda, don kada a yi gardama wajen biya. Irin wadda ake zanawa a katin gaisuwa, da rufin gidaje a lulluɓe, ba kasafai ake samunta ba. A 2010 an same ta, lokacin da kashi 83 cikin 100 na tashoshin awo suka ba da labarin tana kwance a ƙasa.

Mai karatu zai ce wannan ai neman magana ne. Amma wanda ya san yadda Allah Ya ajiye tsibirin nan zai yi musu uzuri. Landan ta fi yawancin manyan biranen Kanada kusa da ƙuryar arewa, sai dai Tekun Atilantika yana turo mata ruwa mai ɗumi, iskar da ta fi yawa kuma daga kudu maso yamma take busowa, jiƙe da danshi. Saboda haka sanyin Ingila kullum a bakin gaɓa yake tsayawa, digiri ɗaya sama da sifiri, digiri biyu, rabin digiri. A Mosko ba a tambayar ko abin da zai faɗo a Janairu ruwa ne ko dusar ƙanƙara, sai dai a tambayi yawansa. A Ingila kuwa digiri ɗaya ke raba ruwan sama mai ban haushi da abin da zai rufe makarantu ya tsayar da jirage. Ga kuma wani lissafi da ke ƙara dagula lamarin: milimita ɗaya ta ruwan sama, idan ta zo a daskare, takan zama kamar santimita ɗaya. Kuskuren da ba wanda zai lura da shi ranar ruwa, ranar dusar ƙanƙara sai ya ninka goma, kowa ya gan shi a ƙofar gidansa.

A wannan bakin gaɓar ne wasu mutane suka kafa bukka. Ba ma'aikatan hukuma ba ne, ba kuma wanda ke biyansu. Akwai direba, akwai malamin makaranta, akwai tsohon ma'aikaci mai cin fansho, kowa da ɗan farin akwatinsa mai tagogi a bayan gida inda ma'aunin zafi yake, da mazurarin awon ruwa. Al'adar ta daɗe. A 1860 George James Symons ya fara tattara awon ruwan sama daga 'yan sa-kai, ya fara da tashoshi 168, kafin rasuwarsa a 1900 sun haura 3,000: limaman coci, likitoci, masu lambu, matan gida. Takardun da irinsu suka cike da alƙalami sun kwanta a ma'ajiya har zuwa Maris na 2020, lokacin kullen korona, da wasu 'yan sa-kan kimanin 16,000 suka kwafe lambobi sama da miliyan biyar zuwa kwamfuta cikin kwana 16. Waɗancan magabatan abin da ya riga ya faru suke rubutawa. Jikokinsu na yau sun ƙara wani abu a kai, suna son su san abin da bai zo ba tukuna.

Intanet ce ta ba su dama. Hukumar yanayi ta Amurka tana sakin lissafin kwamfutocinta kyauta, wanda ake kira GFS, sau huɗu a yini, kuma kowane zagaye yana hango sa'o'i 384 gaba, wato kwana 16. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai mai hedikwata a Reading, wadda aka kafa a 1975, ita ma tana fitar da nata, kuma galibi an fi yarda da shi. To da zarar an shiga Disamba sai ka ga mutum da iyalinsa da aikinsa ya zauna yana jiran taswira ta fito sa'a bayan sa'a, yana neman shuɗi ya malalo daga gabas. Har harshensu suke da shi. Zagayen GFS na ƙarshe, wanda yake fitowa da daddare, suna kiransa zagayen mashaya, wai don yakan zo da abubuwan da sai wanda ya sha ya yi tatul zai faɗa. Duk abin da taswira ta nuna bayan kamar kwana goma kuwa sun sa masa suna tsibirin mafarki. Da kansu suka raɗa sunan, sun san sarai hangen Dala ba shiga birni ba ne, amma wannan bai hana su kwana suna hangen ba. Idan lissafin safe ya janye sanyin da na dare ya yi alkawari, sai ka ji ana cewa an rage mana, kamar wani haƙƙi ne aka danne.

Ni abin da ya fi ja mini hankali a wurinsu shi ne yadda suke riƙe da ma'ana biyu ta kalma ɗaya a lokaci guda. Da kai sun san mene ne hasashe. Da zuciya kuwa alkawari suke ji.

Rikicin nan tare aka haife shi da sana'ar. A Oktoban 1859 guguwa ta farfasa jirgin ruwan Royal Charter a gaɓar Anglesey, yana dawowa daga Ostireliya, mutum kusan 450 suka halaka. Robert FitzRoy, wanda a da shi ne kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya ɗauki Charles Darwin, a lokacin shi ke riƙe da ƙaramin sashen yanayi na gwamnati. Ya ga cewa idan tashoshin gaɓa suka aiko da awonsu ta wayar tangaraho, ana iya ganin guguwa tafe kafin ta iso. Ya fara gargaɗin jiragen ruwa a 1861, kuma ranar 1 ga Agusta ta wannan shekara jaridar The Times ta buga bayaninsa na farko ga jama'a kan yanayin da ake tsammani. FitzRoy mutum ne mai riƙon addini, bai so a ce yana annabci ko duba ba, don haka ya zaɓi wata kalma dabam, wadda Turanci ke amfani da ita har yau, ya dage cewa abin da yake bayarwa ra'ayi ne da ya fito daga awo da lissafi. Jama'a ba su ji wannan bambancin ba. In ya dace a yi shiru, in ya kuskure a yi masa ba'a a jarida. Ya kashe kansa a 1865, cikin bashi da ciwon damuwa, a shekarar da ta biyo baya kuma aka dakatar da hasashen, ba a dawo da na jama'a ba sai 1879.

Mu ma mun san wannan gardamar. Duk shekara idan hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ta fitar da hasashen damina, ba a rasa wanda zai ce sun shiga gaibu. Alhali Hausa ta raba abubuwan nan tun tuni. Duba dabam, aikin mai zanen ƙasa ne. Canki-canka dabam, wannan sa'a ce zalla. Kintace da kirdado na wanda ya ga wani abu ne ya auna da ido. Tsohon da ya dubi gabas da la'asar ya ga ta haɗe, ya ji iska ta sauya, ya ce a kwashe shanya, ba wanda ke ce masa boka. Hasashen yanayi ɗan gidan wannan tsohon ne, illa dai idonsa ya kai sararin sama kuma ƙwaƙwalwarsa kwamfuta ce.

Kuma akwai iyakar da ba wata kwamfuta da za ta tsallake. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, ya so ya maimaita wani lissafi, sai ya shigar da 0.506 maimakon 0.506127 don ya rage wa kansa aiki. Da farko sakamakon biyu suka tafi tare, daga baya suka rabu har ba su kama da juna. Ɗan abin da ba a auna daidai ba yau, shi ke girma ya zama wani yanayi dabam bayan mako biyu. Maganin da aka samo, wanda cibiyar Turai ta fara aiki da shi a 1992, shi ne a daina tambayar kwamfuta sau ɗaya. Ana gudanar da lissafin sau 51, kowanne da ɗan canji a mafari, sannan a ƙirga. Idan 45 sun nuna sanyi, magana ta yi ƙarfi. Idan 15 ne, to wataƙila. Wannan wataƙilar kuwa ba ta mai kauce wa tambaya ba ce, ba irin ta wanda ka bi bashi ba. Wataƙila ce da aka ƙirga, tana da nauyin da za a iya rubutawa da lamba.

Sai dai lambar ma ba ta tsira ba. Gerd Gigerenzer da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2005, inda suka tambayi mutane a titunan New York, Amsterdam, Berlin, Milan da Athens abin da suka fahimta idan an ce akwai yiwuwar ruwa kashi 30 cikin 100 gobe. A biranen Turai da yawa sun ɗauka ruwa zai ci kashi 30 na yinin, wasu suka ce kashi 30 na yankin ne zai jiƙe. Abin da masu hasashe ke nufi shi ne, cikin ranaku goma masu irin wannan alama, uku za a yi ruwa. A nan ɗan sa-kai ya fi maƙwabcinsa, don ya san wannan, ya ma san lissafi nawa cikin 51 ne suka goyi bayan abin da yake so. Amma ka lura da shi da kyau: idan guda uku ne kacal suka nuna dusar ƙanƙara, waɗannan ukun zai buɗe ya zuba wa ido.

Wani lokaci kuma mafarkin yakan tabbata. Wajen 12 ga Fabrairun 2018, can sama da ƙuryar arewa, a tsayin kilomita 30 ko makamancin haka, iska ta yi ɗumi farat ɗaya da digiri masu yawa cikin 'yan kwanaki, guguwar da ke kewaya ƙuryar daga yamma zuwa gabas ta raunana har ta juya baya. Irin wannan yakan ɗauki mako biyu ko uku kafin tasirinsa ya sauko ƙasa. Masu sa ido suka fara ƙirga kwana. Kafin ƙarshen wata iska mai nauyi ta kafa sansani a kan Sikandinabiya, kuma da yake iska tana zagaya irin wannan sansani ne ta hannun agogo, sai ta kwaso sanyin Rasha ta juye shi a kan Birtaniya. Jaridu suka ce Dodon Gabas ya iso. Bahaushe da ya saba ganin hadari da hunturu duk daga wajen gabas suke fito masa, zai ji sunan ya zauna. Iskar busasshiya ta taso, amma ta ratsa Tekun Arewa wanda ruwansa bai daskare ba, kuma idan ruwan teku ya fi iskar da ke mita 1,500 a samansa ɗumi da digiri 13 ko fiye, gajimare yakan tashi a jere. Shi ya sa wani gari ya nutse, na kusa da shi kuma rana na haskawa. Ranar 28 ga Fabrairu aka ba da jan gargaɗi, mafi tsanani, a tsakiyar Sikotlan, motoci kusan dubu suka kwana a kan babbar hanyar M80. Washegari guguwar Emma, wadda hukumar yanayi ta Fotugal ta raɗa wa suna, ta taso daga kudu da danshinta ta yi karo da sanyin, aka sake ba da ja a kudu maso yammacin Ingila da kudancin Wales.

Shekara ta zagayo, a farkon Janairun 2019 sama ta sake yin irin wancan ɗumin. Wasu jaridu suka buga gangar dodo zai dawo, masu taswira suka gyara zama. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to wannan Larabar ta yi kyau, Juma'ar ce ta ƙi. Ranar 26 ga Fabrairun 2019 ma'auni a lambun Kew da ke Landan ya nuna digiri 21.2, zafin da ba a taɓa rubuta irinsa a lokacin sanyi ba a tarihin awon ƙasar, mutane suka fito wuraren shaƙatawa da 'yar shara.

Idan daren da ake jira ya zo, duk taswirorin nan ba su da sauran amfani. Mutum yakan kashe fitilar ɗaki, ya ɗage labule, ya kafa wa fitilar titi ido, don a cikin haskenta ne kawai ake iya gane abin da ke faɗowa. Ruwa yana saukowa a miƙe, da sauri, yana ƙyalli. Idan ya fara gauraya sai ka ga wasu ɗigon sun yi nauyi, sun yi fari-fari, suna fashewa a gilashin mota su bar tabo mai ƙanƙara. Sannan sai saurin ya ragu. Abin ya daina faɗowa ya koma shawagi, yana karkata gefe, wani ma ya ɗan koma sama kafin ya sauko. Mai kallo yana duba ma'auninsa na bayan gida: 1.8, sai 1.4, sai 0.9. Ya san ba lallai sai an kai sifiri ba. Idan iskar ƙasa busasshiya ce, abin da ke faɗowa yakan yi tururi a hanya ya sanyaya ta, yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa, har ruwan da ya fara da ƙarfe goma ya rikiɗe kafin sha ɗaya. Saura tambaya ɗaya, ko za ta kama ƙasa. Takan fara da ciyawa da rufin mota, kwalta ce ke jinkiri don ta riƙe ɗumin rana.

Sunan da muka ba abin nan a Hausa ma yana da nasa labarin. Ƙanƙara mun san ta, tana faɗowa da damina ta ɓarnata amfanin gona, daga baya kuma firiji ya kawo ta kasuwa. Wanda ya fara cewa dusar ƙanƙara ya kalli abu ne mai laushi, busasshe, mai tashi idan an hura. Amma yawancin wadda ke sauka a Ingila ba haka take ba, jiƙaƙƙiya ce mai nauyi, tana dunƙuluwa a hannu, saboda a bakin narkewa take. Sunanmu ya fi dacewa da ta Siberiya. A Fabrairun 1991 irin wannan ta gaske ta sauka a kudancin Ingila, gari-gari, iska ta hura ta cikin injinan jiragen ƙasa masu lantarki ta lalata su, ta cushe ƙofofi, ga shi zurfinta bai kai a sa motar ture ta ba. Wani babban jami'in hukumar jiragen ƙasa ta British Rail ya yi bayani a rediyo cewa nau'in da ya sauka ne ya ba su matsala. Gaskiya ya faɗa. Jarida ta juya maganar ta zama wai dusar ƙanƙarar da ba daidai ba ce ta sauka, kuma har gobe idan Bature ya ji uzurin da bai gamsar da shi ba, da wannan yake misali. Ni dai ina ganin an zalunci mutumin. Laifinsa kawai ya yi magana da ma'anar injiniya a gaban mutanen da suka kwana a dandamalin tasha.

Haka kalmar sanyi take. A bakin mai taswira yabo ce, kuma ma'auninsa shi ne hunturun 1962 zuwa 1963, da aka fara zuba ranar 26 ga Disamba ba a saki ba sai farkon Maris, har teku ya daskare a gaɓar Herne Bay. Yawancin masu begen wannan shekarar ba a haife su ba lokacin. A wurin gwamnati kuwa sanyi lamba ce mai jawo kuɗi: a Ingila da Wales, idan matsakaicin awon yankinka ya tsaya a sifiri ko ƙasa kwana bakwai a jere, ko aka yi hasashen zai tsaya, masu ƙaramin ƙarfi da suka cancanta suna samun fam 25. A nan hasashe da abin da ya faru matsayinsu ɗaya a gaban doka, abin da FitzRoy bai yi tsawon ran gani ba. Ga tsohuwar da ke zaune da bargo biyu tana tsoron kunna na'urar ɗumama ɗaki saboda kuɗin gas, sanyi wani abu ne na uku, kuma ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Masu sha'awar sun san da wannan, sukan ma ambata shi, su ce Allah Ya kiyaye tsofaffi da marasa gida, sannan su koma duba zagaye na gaba. Ban ɗauke su mugaye ba, don son da suke yi ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya a abin da zai faɗo, kuma sau da yawa su ne ke fara buga wa maƙwabta ƙofa su ce a sayi burodi da madara tun yau.

Dawowar iskar Atilantika mai ɗumi, wadda kowa ke kira sauƙi, su rushewa suke ce mata, da muryar ta'aziyya. A Maris na 2018 kalmarsu ce ta fi kusa da gaskiya, ko da yake ba abin da suke nufi ke nan ba. Ɗumin ya zo da sauri, ƙasar da ta daskare ta motsa, bututan ruwa suka yi ta fashewa a tituna da cikin gidaje. Hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa ta ƙirga gidaje da wuraren sana'a fiye da 200,000 a Ingila da Wales da famfonsu ya ɗauke sama da sa'a huɗu, wasu har kwanaki, mutane suka yi layin karɓar ruwan roba a Landan alhali tituna na malale da narkakkiyar ƙanƙara.